Hoton Malam Muttaka Yana Dariya

Ɗantsoho yana hura wa gilashin kyamararsa iskar baki, yana gogewa da wani tsohon ƙyalle mai laushi, kamar yadda yake yi kowace safiya kafin ya sha koko. Shagonsa ƙarami ne, a wani lungu da ke bayan hasumiyar Gobarau, labule shuɗi a bango, kujera ɗaya a tsakiya. Rabin mutanen unguwar sun zauna a kujerar nan. Shi ya koya musu zaman hoto tun suna samari: a ɗaga haɓa, a rufe baki, kada a motsa. Sun kuwa koya da kyau. Ko a gidan biki aka ɗaga waya, sai ka ga dattijo ya ƙame kamar ana auna masa hula.

Da furfura ta cika masa gemu ne abin ya fara damunsa. Yakan duba hotunan da ya tara, ya ga mutanen da ya sani da ban dariya da surutu, duk sun haɗe rai. Sai ya fara koyon aikinsa sabo. Ya rage kunna fitila, ya koma lura da hasken hantsi, yadda yake shigowa ta ƙofa ya kwanta a gefen fuska.

Ranar nan Muhsina, ma'aikaciyar jinya, ta yi sallama. An ɗaura mata aure, za ta tare a Jos, kuma tana son tafiya da hoton kakanta Malam Muttaka, tsohon tela.

"Baba Ɗantsoho, duk hotunansa ba shi ba ne. Ni wanda na sani nake so. Kuma ya ce sau ɗaya zai zauna."

Suka je gida, suka iske tsohon a zaure, ya sha babbar riga. Bayan doguwar gaisuwa, Ɗantsoho ya ja masa tabarma kusa da ƙofa inda haske ya fi taushi. Yana ɗaga kyamara, Malam Muttaka ya ɗaga haɓa, ya rufe baki.

"Malam, saki jikinka mana."

"Kai ka ce kar a motsa. Bana shekara sittin ke nan."

"Na janye."

"Ka makara."

Ɗantsoho ya sauke kyamarar zuwa ƙirjinsa, yatsansa na kan maɓalli, ya kalli Muhsina. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma ita gwana ce.

"To tsoho," in ji ta, "tunda abin haka ne, na sake ka. Na samu mai haƙora."

Gemun Malam Muttaka ya fara rawa. "Ke ɗin? Mi za ki dafa mashi? Kunun da kika dama man ran Juma'a, da shi na liƙe takalmina!"

Dariya ta ƙwace masa, hula ta karkace, idanu suka shige ciki. Kyamara ta yi ƙaras.

Da aka nuna masa, sai ya ɓata rai. "Haƙoran nawa guda biyu ka ɗauka? Goge shi."

Muhsina ta durƙusa kusa da shi, ta daina wasa. "Kaka, wannan nake so in riƙa gani in na tashi da safe."

Ya daɗe yana kallon hoton a jikin kyamarar. Ya gyara hularsa.

"A wanke biyu," ya ce. "A ba angon ɗaya, shi ga irin mijin da ya yi wa ƙwace."

"Manya ko ƙanana, Malam?" in ji Ɗantsoho.

"Manya! Tunda an tona, a tona duka."

Ɗantsoho ya rataya kyamararsa, ya laluba takalmansa a bakin ƙofa. Musun kaka da jika a kan kunun bai ƙare ba, ya yi musu sai an jima, ya fita.