Facin da na yi wa ƙafata

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ɗora komai a nan ba, har wasu sun fara tambayar Malam Bello ko sayar da keken na yi. Keke yana nan. Ƙafar ce ta kusa tafiya.

Ga wanda bai san mu ba, ni tsohon malamin gona ne a Bodinga, Malam Bello kuwa tela ne a kasuwa. Duk Asabar da sassafe mukan hau kekuna mu bi hanyar bayan gari, wadda mota ba ta damu da ita ba. Mu ratsa Sifawa, mu gangara fadamun Danchadi, wata rana har madatsar ruwan Shagari. Masu lambu su ɗago hannu, a cusa mana albasa a jaka ko mun ƙi. A bakin ruwa mu jingine kekuna jikin giginya, mu sha fura, mu kalli shanu suna ƙetarewa. Ba ma saurin zuwa ko'ina. Tun gemunmu yana baƙi muke haka.

Robar fedata ta dama ta daɗe da faɗuwa, sai ƙarfen tsirara. Wane ɗan keke ne zai je wurin mai gyara saboda feda? Da silifas nake takawa abina.

Wata Asabar na dawo, uwargida ta ga jini a silifas. Ashe ƙarfen ya ci rami a tafin ƙafata, ni kuwa ban ji komai ba. Har alfahari na yi, wai ƙafar manomi ce.

Sai na yi mata abin da na saba yi wa taya idan ta huje. Na wanke, na sa auduga, na yanko tsohuwar robar taya na ɗaure tam. Haka na hau Asabar uku, har ƙafar ta kumbura ta fara wari.

'Yata Asma'u tana aikin jinya a ƙasar Ailan, can Turai. Muna waya ta bidiyo, uwarta ta ƙwace wayar ta haska mata ƙafar.

"Baba, mi na wanga? Roba kaɗ ɗaura ga ciwo?"

Na ce, "Ke dai, hwaci na, shina warkewa."

Ba ta yi gardama ba, kuka ta fashe da shi. Kukan nan ne ya kai ni asibiti a Sakkwato ranar.

Aka soki yatsan hannu aka auna jini, aka ɗauki hoton ƙashi. Ciwon sukari ne, ya daɗe a jikina, shi ya kashe min ji a ƙafa. Robar kuma ta hana jini gudu. Likita ya ce, "Malam, za mu yi ƙoƙari mu tsaya a yatsu. In ya ƙi, sai ƙasan gwiwa."

Na ji tsoro. Kuma Allah ya gani, ba mutuwa na fara tunawa ba, hanyar Danchadi na tuna.

Yatsu biyu aka cire. Daga nan kullum safiya wankin ciwo, allura kafin abinci, ledar ƙarin ruwa tana bin wata. Tuwon da ake ba ni ko kaza za ta raina. Geron bana ya tafi a magani, tumaki biyu suka bi shi. Likita kan buɗe bandeji ya duba ya rufe, ni kuma in yi ta karanta fuskarsa.

A kwanakin ne Asma'u ta fara turo min bidiyo. Ashe ta sayi keke a can. Ranar hutunta takan bi wata siririyar hanya a gefen tafki, babu mota, ciyawa shar, shanu a kwance, ga gadar dutse a kan kogi. Tana haki tana cewa, "Baba, ga Shagarinmu ta nan."

Na ce mata ruwa da shanu na gani, amma ina giginya, ina mai cusa albasa? Ina tsokanarta, hawaye na zubo min. Yarinyar nan a sandar kekena ta girma, da matashin kai ɗaure don kada ƙarfe ya dame ta. Na kalli bidiyon har maƙwabcin gadona ya haddace hanyar.

Malam Bello duk Juma'a yana zuwa. Na tambaye shi ko ruwan Shagari ya ja baya bana. Ya ce, "Ina ni sani? Tun da kak kwanta ban hau ba. Iska dai ni ka ba tayoyinka, kada su mutu."

Ranar da likita ya buɗe ya ce nama ya yi ja, ƙafa ta tsira, uwargida ta yi sujada a nan ƙasan ɗakin.

Asabar da ta wuce muka hau. Malam Bello ya sa min sabbin feda, ya ɗinka 'yar jakar da zan maƙala waya a kan keke. Sifawa kawai muka kai, ina tafe kamar ɗan koyo. Na ɗauki hanyar kaf a bidiyo na tura wa Asma'u, ina jiran yabo. Amsarta ɗaya: "Baba, cire takalmi in gani."

Na cire. Babu jini.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitoci da masu jinya, da uwargida, da duk wanda ya yi addu'a ko ya kawo albasa har gadon asibiti.

'Yan'uwa, ku auna sukari ko ba ku jin komai. Ku riƙa duba tafin ƙafa da ido, kada ku jira zafi. Ku hau keke da takalmi rufaffe. Ciwo kuma a kai shi asibiti, kada a ɗaure shi da roba. In robar feda ta faɗi, a sauya ta ranar. Ba ta fi kuɗin goro ba, ni da yatsu biyu na biya.