Mayafin jariri da na jefa a murhu

Edita, ni ba ɗan boko ba ne, a aji uku na sakandare na ajiye karatu, don haka ku gyara rubutun amma kada ku taɓa maganar. A lokacin da abin ya faru ni ɗan acaɓa ne, ina jigilar kaya tsakanin Daura da Kwangwalam, mutum ne mai zafin kai da ba ya iya zama wuri ɗaya. Sai mota ta ture ni a hanya, ƙafata ta karye biyu, mai ɗori ya ce in kwanta sai yadda hali ya yi. Na kwanta a soro kamar buhun gero. In juya nan, in juya can, in zagi ƙuda, in zagi mai motar. Ba abin da ya rage mini sai waya.

A wayar ne na ci karo da bidiyon wata mata tana saƙa da kwarashi. Fuskarta ba ta fita, hannuwa kawai. Yarenta ma ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na kasa ɗauke ido. Na sa mai ɗakina ta sayo mini ulu da kwarashi, na gargaɗe ta kada kowa ya ji. In tsayar da bidiyon, in mayar baya, in saƙa, in warware. Yatsun da suka saba da birki suka yi ta gardama, har dai suka bi. A kwanakin nan 'yata ta fari ta zo goyon ciki daga gidan mijinta a tsallaken iyaka. Ku kun san yadda muke da 'yar fari: ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na yi hira da ita ba. Na ce a raina tunda baki ba ya iya faɗa, bari hannu ya faɗa. Na fara saƙa wa abin da za ta haifa mayafi, fari da ratsin kore.

Saura gefe ɗaya in gama wani abokin sana'ata ya faɗo soron da sallamarsa a baki, bai jira amsa ba. Ya gan ni da zare a wuya. Ya yi dariya har ya dafa bango, ya tambaye ni wai mai ɗorin nan ƙafa ya ɗora mini ko zane ya ɗaura mini, ya ce bari ya je tasha ya shaida musu Hajiya ta fara karɓar aiki. Yana fita na ja sanda na dogara har tsakar gida, na cusa mayafin a murhu. Ulun nan bai ci wuta kamar auduga ba, narkewa ya yi kamar leda, wari ya cika gidan. 'Yar tawa tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baba, ni fa na ɗauka nawa ne." Ashe duk ta sani. Ashe ita ke zaɓo launin zaren.

Na ja sandata na koma soro. Ta haihu, namiji, aka yi suna, ta yi arba'in ta koma. Ba a jima ba aka rufe boda, ni kuma ƙafata ba ta hawa hanyar daji. Abokin nan ko sau ɗaya bai sake zuwa duba ni ba, kuma na ji ko a tashar ba a yi kwana biyu ana zancen ba.

Yanzu a ƙofar gida nake saƙata, mai dariya ya yi. Amma hankalina bai kwanta ba. Ina saƙa hula in aika, a dawo mini da saƙon ta gode, sai dai hular ta yi wa yaron kaɗan. In ƙara faɗi, kafin a samu mai tafiya ya sake girma. Kansa nake aunawa da ka, ban taɓa riƙe shi da kyau ba.

Abin da na gane shi ne na sayar da farin cikin 'yata don dariyar mutumin da bai damu da ni ba. Maza 'yan uwana, in kuna yi wa naku wani abin alheri wani ya yi muku dariya, ku bar shi ya gama ya tafi. Shi gobe ya manta. Ita har yau ba ta sake tambayata mayafi ba.