Fili ɗaya, mutum biyu

Umarni guda na buga, Django, abin da nake haɗa manhaja da shi, ya leƙa tsohon rumbun bayanan ƙungiyar manoma da masunta ta wajen Guri, ya zayyano min models ɗin kaf, wato tsarin yadda aka jera bayanan. Aikin da na zata zai cinye min kwanaki, ko shayina bai huce ba ya kammala.

Ina dubawa sai na ga kowane fili an ba shi masu aiki biyu. Na ce wannan shirme ne, bari in goge ɗaya. Har na ɗora yatsa, sai na ga gara in kira Anti Rabi, wadda ta gina rumbun tun ina sakandare.

"Anti, kamar akwai kuskure fa. Fili ɗaya, mutum biyu?"

Ta yi dariya. "Sani, yaushe rabonka da fadama? In ruwa ya malale wurin, na mai kamun kifi ne. In ya janye, mai alkama ya shiga. Ka goge ɗaya, ka raba mutum da abincinsa."

Na janye yatsana a hankali.

Na'ura ta kwafo min tsarin Anti daidai, amma dalilinsa sai a bakinta na ji. Allah ya ƙara mata basira.

Masu haɗa manhaja, ku fa? Me kuka taɓa kusan gogewa kafin ku tambaya?