Malama, Ƙofarki Tana Nan a Buɗe

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, sha biyu ga watan nan, da hantsi, ina kan keken ɗinki sai ga maigadin makaranta ya tsaya a bakin shagona, ya kasa yin sallama. Da na ga yadda yake murza hularsa, sai na ɗauke ƙafata daga kan keke. Ya ce, "Maman Auta, sai haƙuri. Malama ta cika." Ke yake nufi, shugabar sakandaren unguwarmu, wadda muka daɗe muna ta yi wa addu'ar samun sauƙi.

Ni ba mai dogon karatu ba ce. Tela ce ni, mai ɗinka wa yara kayan makaranta. Manya sun yi magana a kanki, sun faɗi takardunki da muƙamanki. Ni kuwa abin da na gani da idona shi zan faɗa, don kada ya tafi da ni.

Ga wanda bai san unguwarmu ba, makarantu biyu ne a jingine da juna, katanga ɗaya ta raba su. Taki ta masu karatun littafi ce, tana da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ɗayar ta koyon sana'a ce, akwai walda, akwai kafinta, akwai aikin wutar lantarki. Yaran ba sa ga maciji da juna. Naku suna kiran waɗancan 'yan guduma, su kuma suna kiran naku 'yan biro. Yaro ya shiga ɗaya, to shi ke nan, abin da ke cikinta kaɗai zai koya, ko ya dace da shi ko bai dace ba.

Autata tana makarantarki. Tun tana ƙarama ba a ajiye rediyo kusa da ita, sai an dawo an tarar da hanjinsa a waje. Wani zango sai na lura kullum rigarta a yage take dawowa, kuma a gefe ɗaya. In ɗinke yau, jibi ta sake. Na tambaye ta, ta ce ƙusar benci ce. Na ce wannan ƙusa da ke kaɗai take gaba?

Ashe katanga take haurawa. Lokacin tara sai ta dira ta can, ta laɓe a bayan taga tana kallon malamin lantarki yana koya wa yara haɗa waya. Ranar da dubunta ta cika, shugaban waccan makarantar da kansa ya riƙo ta, ya kawo ta ofishinki. Aka aiko mini. Na zo a tsorace, don dokar a fili take: wanda ya haura katanga, kora ce. Mahaifinta ya rasu, ba ni da inda zan kai ta. Ina shiga na ɗaga hannu zan kai mata mari, kika ce, "Ƙanwata, sauke hannun nan, da shi kike ci."

Sai kika juya wurinta. "Ke Auta, me kika koyo a can?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malama, na gane abin da ya sa fankar ofishinki ba ta juyawa."

Kika dube ta, kika dubi fankar da ta shekara a tsaye, sai kika fashe da dariya har da share ido. Shugaban can bai yi dariya ba. Ya ce doka doka ce. Kika ce masa, "Gaskiyarka, Yallaɓai. Amma yarinyar da ta haura katanga don ta yi karatu, ni ban san yadda ake korarta ba. Kuma ka faɗa mini tsakani da Allah, naka ba sa leƙen ɗakin gwaje-gwajena?" Shi ma ya san suna yi.

Kin hukunta ta, ba zan ɓoye ba, ta yi sharar fili har ta gode Allah. Amma ba ki kore ta ba. Daga ranar kuma kika ɗauki maganar buɗe ƙofa a katangar nan a ka.

Ba abu ne mai sauƙi ba. Malamanki suka ce 'yan guduma za su farfasa musu kwalabe. Na can suka ce 'yan biro za su yanke yatsu. Wasu iyayen suka ce ba su kawo 'ya'yansu boko don su koma leburori ba. Ko ƙararrawar makarantun ba ta kaɗawa lokaci ɗaya, sai da kika zauna da shugaban can kuka warware jadawali kuka sake ɗinke shi, yadda nake yi wa rigar da ta matse. Kin yi ta zirga-zirga zuwa ofishin ilimi, har takalminki ya cinye ta gefe. Na sani, don a shagona kike zama ki huta, ki ce, "Ƙanwata, ba ni ruwa, yau ma sun ce in dawo."

Ranar da magini ya sa guduma a katangar, yara daga ɓangarorin biyu suka tsaya suna kallon juna ta cikin ramin kamar baƙi. Ƙyauren ma ɗaliban walda ne suka ƙera. Suka tambaye ki inda za a sa kwaɗo, kika ce, "Ku bar shi. Wanda ya zo neman ilimi ba ɓarawo ba ne."

Daga nan hanya ta buɗe. Auta tana yin lissafi da kimiyya a wurinki da safe, bayan tara ta bi ta ƙofa ta yi lantarki. Ɗan maƙwabciyata, wanda aka kai kafinta don an ce kansa ba ya ja, ya bi ta ƙofar nan zuwa ɗakin gwaje-gwaje, yanzu yana karatun haɗa magunguna. Daga baya makarantar tsallaken titi, mai na'urorin kwamfuta da gonar gwaji, ita ma ta ce a sa da ita. Darasin da a da za a rufe don ɗalibai ba su da yawa, sai ga ajin ya cika. Ni ma na ga canji a shagona, an daina kawo mini riguna masu yagar katanga.

Auta ta gama da takardu biyu a hannu. Yau ita ke haɗa wa gidaje wutar hasken rana, har da yara a ƙarƙashinta. Magidanta suna tsayawa a ƙofar shagona suna tambaya, "Injiniya tana nan?" Sai in yi kamar ban ji ba, don su sake faɗa.

Da ciwo ya kwantar da ke a gida, muka je dubiya. Ɗakin da zafi, fanka ta tsaya. Auta ta jawo kujera ta hau. Da iska ta fara kaɗa labule, kika buɗe ido, kika ce da 'yar muryar da ta rage miki, "Har yanzu ba ki daina hawe-hawe ba?" Dariyar ƙarshe ke nan da muka yi tare.

Bayan an kai ki, na ji ana ta raɗe-raɗin cewa tunda babu ke, za a toshe ƙofar. Hankalina bai kwanta ba, sai da na rufe shago da safe na je na gani. Na tarar da shugaban can, mutumin da ya riƙo Auta a wancan lokaci, yana tsaye riƙe da ƙyauren, yara suna wucewa, masu shuɗin kaya suna shiga, masu ruwan ƙasa suna fita. Ya gan ni, ya ce, "Maman Auta, koma bakin kekenki. Muddin ina nan, babu mai ɗora bulo a wurin nan." Sai ya juya baya yana gyara tabarau.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da 'yan'uwanki, da malaman makarantun nan uku, da duk yaron da ya taɓa bi ta ƙofar nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Malama, Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki. Yadda kika buɗe wa 'ya'yanmu ƙofa ba ki sa kwaɗo ba, Allah Ya buɗe miki ƙofar Aljanna, ki tarar da ita a buɗe. Amin.