Wankin Cikin Mek Sepiah

Shekara ashirin da shida rumfata tana jingine da ta Mek Sepiah a kasuwar garinmu, kuma ban taɓa ganin ta kai wani abu bakinta daga hannuna ba. Ni budu nake sayarwa, romon ƙananan kifin nan da ake dannewa da gishiri a randa har wata shida. Ita kuwa shinkafar kerabu take yi, shuɗiya, da ɗanyen ganye da soyayyiyar kwakwa. Budu nawa take zuba wa shinkafarta, amma sai ta kai shi gida ta tafasa ta tace, sai ka ce a kwata na ɗebo shi.

Ina yi mata tsiya kullum, amma na san tushen abin. Tana 'yar shekara tara ambaliya ta ci ƙauyensu, ruwan rijiya ya ɓaci, amai da gudawa suka ɗauke uwarta cikin kwana biyu. Ita ta wanke tabarmar. Tun daga ranar ta ɗaura yaƙi da duk abin da ido ba ya gani. Hannuwanta sun yi fari sun tsattsage saboda sabulu. Wankin ciki kuwa, da mu muke yi in azumi ya gabato ko in za a kai amarya, ita duk wata sai ta dafa filasko ta sha.

Mijinta Pak Deraman kafintan kwalekwale ne, ba shi da hayaniya, sai ci. A ambaliyar Disambar bara ya shiga fito da awakin maƙwabta, tsatsan kwano ya yanke shi a ƙafa. Ƙafar ta kumbura ta yi ruwa. Sati biyar yana kwance a babban asibitin birni ana ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙafa ta warke sarai. Sai ciki ya ɓalle.

Gudawa ce irin wadda ban taɓa gani ba, ni da na binne miji biyu. Sau goma sha biyar a yini. A ba shi magani ta tsaya, kwana goma ta dawo. Sau uku ana haka. Mutumin da ke ɗaga katakon kwalekwale shi kaɗai ya koma ana riƙe shi ya sauka matakalar gidansa, zanensa yana zagaye ƙugunsa sau biyu. Sepiah ta tafasa cokulansa, ta tafasa zannuwansa, ta goge katakon ɗakin da ruwan bilic har idonmu yana yaji. Ba abin da ya ragu sai shi.

Ni na raka su asibiti karo na huɗu, don 'yarsu ɗaya ce, tana can nesa a Johor da tsohon ciki. Likitar wata yarinya ce siririya, Likita Khoo, wadda ba ta fi jikata ba. Ta jawo kujera ta zauna gabanmu.

"Inna, ku 'yan kasuwa ne, ko?" in ji ta. "To hanjin mutum kasuwa ce. Akwai 'yan ƙananan halittu a ciki, ba su ƙirguwa, kowa da rumfarsa. Yawancinsu mutanen kirki ne, su ke taya mu narka abinci, su ke hana ɓarawo wurin zama. Maganin da ya ceci ƙafar Baba ya kori kowa da kowa. Ɗan daba ɗaya ya rage, ya mamaye rumfunan. In mun kore shi ya laɓe, ya dawo, don ba kowa a kasuwar."

"To a kawo masu kirkin mana," na ce. "A wane kanti ake samunsu?"

"A cikin mai lafiya suke. Za mu karɓi bayan gidan wani lafiyayye, mu tace shi, mu sa wa Baba a hanji ta roba."

Na ɗauka kunnena ne. Pak Deraman ya rufe ido yana salati. Sepiah kuwa ta kama bakin gado, fuskarta ta koma kamar ta ga gawa.

"Kashi fa kike nufi, 'yar nan?" na ce.

"Shi, Inna."

"Ikon Allah. Shekara saba'in da ɗaya ina zubar da dukiya ban sani ba."

Ba wanda ya yi dariya. Likitar ta ce in ba a yi ba, tana tsoron dawowa ta gaba, don ƙodarsa ta fara gajiya.

Sai da Pak Deraman ya aika aka tambayi liman. Liman ya ce lalura ce, kuma neman magani ba laifi ba ne. Daga nan aka shiga neman mai bayarwa. Ni tun a bakin ƙofa aka sallame ni, ga tsufa ga ciwon suga. Aka gwada Sepiah, jini da komai, sati biyu ana jira. Sakamako ya fito ba tsutsa, ba cuta, ba komai. Aka sa ranar Talata. A gabana likitar ta ja mata kunne: ta ci abin da ta saba ci, ta yawaita ganye, kada ta sha kowane irin magani.

Ranar Lahadi ba ta fito kasuwa ba. Da la'asar na leƙa gidan, na same ta zaune a matakala, ido ya zurma, amma fuska a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin ambaliya.

"Ke kuma lafiya? Ko ciwon nasa ya kama ki ne?"

"Lafiya lau, Yaya Bunga. Shiri nake."

Ban tambaye ta wane shiri ba, kuma har yau ina cizon yatsa.

Ranar Litinin muka je tambayoyin ƙarshe. Likita Khoo tana rubutu, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ba ki sha komai ba dai, Inna?"

"Na dai gyara kaina," in ji Sepiah. "Filasko kwana biyu. Sai kafso ja da baƙi na kantin bakin gada, biyu safe biyu yamma, don ya kashe abin da ya saura. Yanzu tas nake."

Likitar ta ajiye biro.

"Inna, ban ce kada ki sha ba?"

"Kin ce. Na san kunyata kika ji. Yarinya kamarki ba za ta dubi babba ta ce je ki wanke cikinki ba. Amma mijina ne fa. Shekara talatin ban taɓa miƙa masa kofin da ban ɗauraye ba. Ta yaya zan ba shi wannan abu haka nan yadda yake?"

"Haka nan yadda yake muke so. Abin da kika kashe shi ne maganin."

Sepiah ta dube ni. Ni kuwa na dubi silin.

"Yaushe za su dawo?" ta tambaya, murya can ƙasa.

"Sai mun jira wata uku kafin mu yarda da naki."

"Shi kuma zai kai wata uku?"

Likitar dai ta ce mu nemo wani, da sauri.

A mota Sepiah ba ta yi kuka ba. Hannuwanta kawai take murzawa a cinya. Da muka isa ta durƙusa gaban shimfiɗarsa ta faɗa masa komai. Ya ce, "Ba komai, Piah. Miƙo mini bokitin." Abin ya dawo ke nan, karo na huɗu.

Washegari da hantsi, kasuwa ta cika, na ga ta kife murfi kan tukunyar shinkafarta ta fito tsakiyar layinmu. Matar da ko kalmar masai ba ta furtawa, sai dai ta ce "baya". Ta tsaya ta faɗi abin da take nema da sunansa, da ƙarfi, har masu kaji suka ji.

Kasuwa ta fashe da dariya.

"Mek Piah, da kilo za a auna ko da gwangwani?"

"Na safe kike so ko na yamma?"

"Ku bari, sai ta tafasa shi ta tace tukuna!"

Ta tsaya tana shan ba'ar, hawaye yana zuba, ba ta goge ba. Na miƙe da ludayina.

"Kun gama? To Pak Deraman ne ya fito da awakin rabinku daga ruwa. Ke Mek Som, bakinki ya fi kowa, kullum kina cewa ba ki taɓa kwana asibiti ba. Ga ranarki ta zo. Abin da kike bai wa kifin kogi kyauta ake roƙo."

Mata bakwai suka shiga motar haya da mu. Ashe duk fankama ce. Biyu suga, ba su ma sani ba. Ɗaya tsutsa. Uku sun sha kafso cikin watan, wata don mura, wata don ciwon baya, Mek Som kuwa don ta ji jikinta wani iri. Likita Khoo ta dafe kai ta ce mu mutanen nan muna shan kafso kamar gyaɗa. Ɗaya tak ta rage, Jenab mai ganye.

Jenab gwauruwa ce daga bayan gonakin roba, shekararta arba'in da 'yan kai. Da asuba take shiga jeji ta tsinko ganyayen da muke ci ɗanye, ta kawo a kwando bisa keke, farce baƙi ƙirin. Abincinta ganye, rogo da budu, budun ma ba ta tafasawa. Aka ɗebi jininta da sauran, aka ce kwana goma.

Kwana goman nan Sepiah ta zama inuwarta. Ta rufe rumfa. Safe tana wurin miji, rana tana bin Jenab. A kwana na shida haƙorin Jenab ya tashi, kunci ya kumbura, muka tarar da ita ta doshi kantin bakin gada. Sepiah ta sha gabanta ta riƙe kan keken.

"Don girman Allah, Jenab."

"Sakar mini keke, Yaya Piah. Kaina zai tsage."

"Kwana huɗu ya rage. Ga kanumfari, ga ruwan gishiri. Zan kai ki a duba shi, mu ji abin da likita za ta yarda ki sha."

Jenab ta dube ta sama da ƙasa, hannu a kunci. "Shekara nawa kina sayen ganyena? In miƙa miki ki karɓa da yatsa biyu, ki wanke shi sau uku a gabana, mutane suna kallo. Kin taɓa tunanin yadda nake ji?"

"Ban taɓa ba," in ji Sepiah. "Ki yafe mini. Ko kada ki yafe, ki dai bar kafson."

Jenab ta tofar da yawu gefe, ta juya keken. Likita Khoo ta ba ta na rage zafi wanda ba ya taɓa 'yan kasuwar ciki, aka ce a cire haƙorin daga baya.

Sakamakonta ya fito fes. Aka yi aikin ranar Alhamis, bai kai awa ɗaya ba. Pak Deraman ya riga ya zama ƙashi da fata, ana yi masa ƙarin ruwa a hannu biyu. Muka zauna a benci mu uku, Jenab tana ta mitar cewa ba a ko ba ta shayi ba. Ranar farko ya zaga sau shida. Ta biyu sau uku. Ta huɗu ya ce yana jin yunwa, Sepiah ta fita baranda ta kife kai a bango.

Likita Khoo ba ta bari mun yi guɗa ba. Ta ce sai an yi sati takwas bai dawo ba za ta ce an ci nasara, wani lokacin ma sai an maimaita. Ta ce a ciyar da sababbin baƙin: ganye iri-iri, wake, rogo, ayaba, a rage zaƙi. A garin da ko miyar kifi sai mun zuba mata suga, wannan ma wani yaƙin ne.

Yau muna sati na biyar. Juma'ar da ta wuce Pak Deraman ya ce zai je masallaci, karo na farko tun ambaliya. Sepiah ta hana, ya ce ko da rarrafe. Ya tafi a hankali da sanda. Ita kuma ta cusa wankakken zane a jaka ta bi bayansa daga nesa, ni ma na bi ta, don ba a barina a baya. Muka tsaya gindin kwakwa a bayan katanga, wajen famfunan alwala, inda za mu gan shi in ya fito da gudu.

Liman ya ja huɗuba ranar kamar da gayya. Duk wanda ya motsa a bakin ƙofa sai ta damƙe mini hannu.

"Wancan ba shi ba ne, Yaya?"

"Wancan ya yi biyunsa. Sakar mini hannu, ba ni da wani."

Aka tayar da salla, aka sallame. Mutane suka fara fitowa suna neman takalma. Can sai ga shi cikin na ƙarshe, yana tafe yana gaisawa, zanensa a bushe. Na ce to, alhamdu lillahi, mu tafi kafin ya gan mu ya ji kunya.

Ba ta motsa ba. Idonta yana kansa, jakar tana ƙirjinta.

"Saura sati uku," ta ce. "Bari dai ya kai gida tukuna."