Hoton da Ya Ruɗi Autanmu

Mamanmu tela ce, shekara arba'in tana kan keken ɗinki, ba ta taɓa cewa wash ba. Duk mako takan yi kiran bidiyo da Autanmu da ke aiki nesa, kullum yana ƙorafin hoton ya yi duhu. Ni na kai kwamfutar wurin mai gyara, ya kunna wani abu mai ƙara haske da goge tamojin fuska.

"Kun ga na koma budurwa!" in ji Mama.

Ciwo na cin ta, allo na nuna ta sumul. Na ce wa Auta ya taho, ya ce, "Haba Yaya, ga ta nan garau. Sai hutu."

Ya iso bayan an binne ta, har da tsarabarta.