Harbin da Aka Hana Dorina

Me ya tuno mini da maganar Inna Kulu a daidai lokacin nan? Har yau ban sani ba. Rubuta, jikata, in kuka ya zo mini ki jira ni.

Inna Kulu kakata ce. A Malisa, in an ci tuwo, takan tara mu bakin murhu tana gasa mana gyaɗa. Labarin da muka fi so shi ne na tsohuwar bindigar da ke rataye a ɗakinta, irin wadda dutsen ƙanƙara ke ƙyasta wa wuta.

"Wagga ba tatsuniya ba ce, ku rufa mini baki," in ji ta.

Wai dorina ta addabi shinkafar mutane a fadama, aka kira kakanmu. Ya ɗura albarushi, ya laɓe, sai ya ga ɗanta na biye da ita. Ya sauke bindiga ya dawo gida, gari na yi masa dariya. Kullum ta kai nan sai ta nuna bango ta ce, "Harbin nan na ciki har gobe."

Na auri maƙeri a Kalgo. Bayan shekaru bindigar ta faɗo hannuna, tsatsa ta cinye ta. Maigida ya ce zai tayar da ita a buga ranar ganin watan Sallah. Ya goge ta da yashi da man gyaɗa, ya sassaƙa sabuwar ƙota, ya samo ƙanƙara. Wata ƙusa ce ta ƙi fita, sai ya cusa gindin bututun cikin wuta, bakin yana kallon cikinsa.

Na shigo maƙera da furarsa ke nan, sai na ji kamar Inna na magana. Na ɗaga murya na ce:

"Malam, kauce! Harbin dorina na ciki!"

"Ke da tatsuniyar tsohuwarki!" Yana dariya, amma ya karkatar da bakin don in ƙyale shi.

Daram! Randar ruwa ta tarwatse, kaji suka haye danga, furar ta ƙare a gemunsa. Muka yi dariya har na zauna ƙasa. Ya ƙarasa gyaranta, Sallar nan bindigarmu ce ta sanar da unguwa.

Daga baya na gane: kakanmu ya bar wa ɗan dorina uwarsa, Allah ya bar wa 'ya'yana ubansu har suka girma.

Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da ciwo ya tsananta, ya kama hannuna ya ce, "Hadiza, ki ba yaran nan labarin dorina. Ki ce musu ni na ce ba tatsuniya ba ce."